Amos Alonzo Stagg: Farfesan da Ya Mai da Filin Ƙwallo Ajinsa

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙwallon jami'o'i take jaririya a Amurka, a wasu jami'o'i malaman aji ne sukan tsaya wa ɗalibai a fili. A Jami'ar Georgia, masanin kimiyyar sinadarai Charles Herty ne ya haɗa ƙungiyar farko a 1892. A Auburn kuma, a wannan shekarar, malamin tarihi George Petrie ne ya yi wannan aiki. Irin waɗannan malamai sukan yi kaka ɗaya ko biyu, su miƙa wa wani, su koma ga littattafansu. Wanda ya fita daban shi ne Amos Alonzo Stagg. Shi domin wasan kansa aka ba shi kujerar farfesa, ya kuma yi shekara 70 yana horar da matasa. Tarihinsa ya ƙunshi tambayar da jami'o'in Amurka ba su gama amsawa ba har yau: shin neman ilimi da neman nasara a gaban dubban 'yan kallo za su iya zama a gida ɗaya?

Ƙwallon da ake magana a kanta ita ce zari-ruga irin ta Amurka, wadda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa duk da cewa da hannu ake yawancin wasan. Kowane ɓangare yana da mutum 11, ƙwallon tana da siffar ƙwai, ɓangare ɗaya na ƙoƙarin kai ta bayan layin abokan karawa, su kuma suna ƙoƙarin kayar da wanda ke riƙe da ita.

Ɗan mai ɗinkin takalma

An haifi Stagg ranar 16 ga Agusta, 1862, a West Orange da ke jihar New Jersey, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Abraham Lincoln na kan mulki. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, gidan kuma na talakawa, don haka yaron ya taso yana ƙwadago a gonaki yana yankan ciyawa. Yana ɗan shekara 7 aka buga wasan ƙwallo na farko tsakanin jami'o'i biyu, Rutgers da Princeton, ranar 6 ga Nuwamba, 1869, a cikin jiharsu. Ke nan ya girmi wasan da zai ba wa rayuwarsa.

Yana saurayi ya riƙi addinin Kirista da gaske, ya ƙudurta zama mai wa'azi. Wannan buri ne ya kai shi makarantar Phillips Exeter, inda ya yi zaman kunci yana rayuwa a kan biskit da madara, sannan ya shiga Jami'ar Yale a 1884. A can wasan besbol ne ya fara fito da sunansa. Shi ne mai jefa ƙwallo ga masu dukanta da gora, kuma da hannunsa Yale ta ci gasar jami'o'i sau biyar a jere. A wani wasa da Princeton a 1888 ya fitar da masu duka har 20. Manyan kulob na ƙwararru suka yi masa tayin dubban daloli, kuɗin da mahaifinsa bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya ƙi. A ganinsa wasan neman kuɗi na wancan zamani yana tafe da caca da giya, kuma duk wasan da aka yi don a biya mutum ya rasa abin da ya sa yake da amfani. Wannan ra'ayi bai bar shi ba har ya mutu.

A Yale ɗin ne ya shiga zari-ruga, a ƙarƙashin Walter Camp, mutumin da ya raba wasan Amurka da na Ingila. Camp ne ya kawo dokar mutum 11 da layin da ɓangarorin biyu ke fuskantar juna kafin kowane hari a 1880, da dokar da ta ƙayyade yawan yunƙurin da za a yi don cin wani adadi na yadi a 1882. Ƙungiyar Yale ta 1888, wadda Stagg ke buga mata a gefen layi, ta yi wasa 13 ta cinye duka, ta tara maki kusan 700, ba wanda ya ci ta ko maki ɗaya. A 1889, da aka fara zaɓen gwanayen 'yan wasa 11 na ƙasa baki ɗaya, sunansa na ciki.

Daga mumbari zuwa fili

Bayan digirinsa a 1888 ya ci gaba da karatun addini a Yale, amma sai ya gano cewa ba a ba shi baiwar magana a gaban jama'a ba. Harshensa yakan sarƙe, abin da ke zuciyarsa ya kasa fitowa. Ya yanke shawarar cewa idan ba zai iya gyara matasa daga kan mumbari ba, zai gwada a filin wasa. A lokacin akwai wata fahimta da ta yaɗu a Ingila da Amurka, cewa ƙarfin jiki da tsabtar hali da imani abokan tafiya ne, kuma ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA ce kan gaba wajen yaɗa ta.

A 1890 ya tafi makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts, yana ɗalibi yana kuma koyarwa. Makarantar ƙarama ce, ɗalibanta 'yan gommai, amma ya haɗa ƙungiyar da ta iya tsayawa a gaban manyan jami'o'i. Wanda ya sa a tsakiyar layi wani ɗan Kanada ne mai suna James Naismith, wanda a Disambar 1891 ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a wannan makaranta. A wasan kwando na farko da aka buga a gaban jama'a, cikin Maris 1892, ɗalibai suka doke malamai da ci 5 da 1. Stagg ne ya jefa wa malaman ƙwallonsu guda.

Kiran Harper

Cikin malaman da suka koyar da shi a Yale akwai William Rainey Harper, masanin harshen Ibrananci. Da attajirin man fetur John D. Rockefeller ya ba da dala 600,000 don kafa sabuwar jami'a a Chicago, Harper aka naɗa shugabanta na farko. Mutum ne mai hanzari da dogon buri. Ya bi manyan jami'o'in gabashin ƙasar yana zawarcin malamansu da albashi mai tsoka, ya kuma fahimci cewa jami'ar da ba ta da tarihi tana bukatar abin da zai sa jaridu su riƙa ambaton ta kowane mako.

Kamar yadda Stagg ya ba da labari daga baya, Harper ya fara yi masa tayin dala 1,500 a shekara. Ya yi shiru yana tunani. Harper ya ɗauka raini ne, ya ƙara zuwa 2,000, sannan zuwa 2,500 tare da muƙamin mataimakin farfesa da aikin dindindin. Stagg ya karɓa, bayan ya gamsu cewa ta wannan hanya ce zai fi yi wa addininsa hidima. Aka naɗa shi shugaban Sashen Motsa Jiki da Wasanni, daga baya a 1900 ya zama cikakken farfesa.

Wannan naɗi sabon abu ne a Amurka. A Yale da Harvard da Princeton, wasanni na hannun ɗalibai da tsofaffin ɗalibai. Su ke tara kuɗi, su ke tsara gasa, su ke kiran wanda zai horar da ƙungiya na 'yan makonni. Hukumar jami'a tana kallo ne daga nesa. Harper ya shigo da wasanni cikin tsarin jami'a, ya ba su sashe kamar na lissafi ko tarihi, ya wajabta wa ɗalibai darussan motsa jiki, ya ɗora malami mai kujera a majalisar malamai a kansu. Tsarin da kusan kowace jami'ar Amurka ke bi yau, na daraktan wasanni da koci mai albashin jami'a, daga nan ya samo tushe.

Jami'ar ta buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1892, a ranar kuma Stagg ya kira atisaye. Waɗanda suka fito ba su da yawa, wasunsu ba su taɓa riƙe ƙwallon ba, har sai da shi kansa malamin ya sa riga ya shiga wasa a kakar farko. Wani attajirin birnin, Marshall Field, ya ba da fili, malamai da ɗalibai suka kewaye shi da katako da hannunsu. A 1894 Stagg ya auri wata ɗalibar jami'ar, Stella Robertson, wadda ta zama abokiyar aikinsa ta shekara 70. Takan zauna cikin 'yan kallo tana rubuta kowane hari, takan je kallon abokan karawa ta kawo masa rahoto. A ƙarshen wannan shekara ya ɗauki ƙungiyarsa a jirgin ƙasa har Kalifoniya, suka doke Stanford da ci 24 da 4 ranar Kirsimeti, Stanford ta rama bayan 'yan kwanaki. Mai horar da Stanford a lokacin shi ne tsohon malaminsa Camp. Tafiyar ta cika burin Harper, domin sunan sabuwar jami'a ya shiga jaridu daga wannan gaɓar teku zuwa waccan.

Aikin malami

Stagg ya ɗauki wasan a matsayin fanni da ake nazari. A 1893 shi da Henry L. Williams suka wallafa littafin koyar da zari-ruga mai ɗauke da zane-zanen da ke nuna inda kowane ɗan wasa zai tsaya da inda zai nufa. Tun yana Yale ya naɗe katifa ya rataye ta don 'yan wasa su koyi kayar da mutum ba tare da sun ji wa juna ciwo ba, kuma wannan kayan atisaye yana nan a kowane fili har yau. Ana danganta masa dabaru da dama: 'yan wasa su haɗa kai su ji umarni kafin hari, mutum ɗaya ya fara gudu a bayan layi kafin a saki ƙwallo, miƙa ƙwallo gefe, da sauya tsayuwar 'yan baya a daƙiƙar ƙarshe don rikita masu tsaro. Yana cikin na farko da suka sa lamba a rigunan 'yan wasa, a 1913, don 'yan kallo su gane su. Wasu daga cikin waɗannan dabaru akwai masu horarwa da suka yi iƙirarin riga shi, amma ba a jayayya cewa filin Chicago ne ya fi kowane zama wurin gwaji a wancan zamani.

Ilimin ya bi ta hannun ɗalibansa ya yaɗu. Jesse Harper, wanda ya buga masa wasa, shi ne ya horar da Knute Rockne a Notre Dame, Rockne kuma ya zama kocin da ya fi kowa suna a shekarun 1920. Fritz Crisler ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya yi masa mataimaki, ya je ya yi fice a Princeton da Michigan.

Bai tsaya ga wasa ɗaya ba. Ya horar da 'yan guje-guje fiye da shekara 30, 'yan besbol kusan shekara 20. Ya kai ƙwallon kwando Chicago, kuma wasan da jami'arsa ta ci Iowa 15 da 12 a Janairun 1896 shi ake ɗauka na farko tsakanin jami'o'i da mutum biyar-biyar. Ya kai 'yan tsere gasar Olamfik ta Paris a 1900, ya sake komawa Paris a 1924 cikin masu horar da tawagar Amurka. Daga 1917 zuwa 1930 ya riƙa shirya gasar kwando ta makarantun sakandare na ƙasa baki ɗaya.

Halinsa ma darasi ne da yake so a ɗauka. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar. Idan ɗan wasa ya ɓata masa rai matuƙa, iyakarsa ya kira shi jaki. Tun bai tsufa ba ɗalibansa ke ce masa Tsoho.

Shekarar 1905

A 1896 jami'o'i bakwai na tsakiyar ƙasar, wato Chicago, Illinois, Michigan, Minnesota, Northwestern, Purdue da Wisconsin, suka kafa haɗakar gasa da daga baya aka sani da Big Ten, suka ɗora kula da ita a hannun wakilan malamai. Chicago ta ci kofinta sau bakwai a ƙarƙashin Stagg: 1899, 1905, 1907, 1908, 1913, 1922 da 1924.

Wasan da ya fi kowane shiga tarihi shi ne na 30 ga Nuwamba, 1905. Michigan ta koci Fielding Yost ta zo Chicago bayan wasa 56 a jere ba a doke ta ba tun 1901. A wannan kakar kaɗai ta ci maki 495, ba a ci ta ko ɗaya ba. Mutum fiye da 25,000 suka cika fili cikin sanyi. Aka yi ta gwabzawa babu ci, har can kusa da tashi Walter Eckersall na Chicago ya doka ƙwallo ta wuce layin Michigan. Ɗan wasan Michigan ya kama ta ya yi yunƙurin fitowa da gudu, 'yan Chicago suka tare shi suka mai da shi bayan layinsa suka kayar. A doka wannan maki biyu ne. Da haka aka tashi, 2 da 0. Shugaban jami'a Harper yana kwance da ciwon daji a lokacin, ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1906, bayan ya ga ƙungiyar da ya yi mafarki ta zama zakara.

Amma shekarar ta zo da baƙin labari. Salon wasan lokacin shi ne a dunƙule a afka wa wuri ɗaya, babu kwalkwali mai ƙarfi, ana tattake wanda ya faɗi. Jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum 18 da suka mutu a kakar. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa a watan Oktoba. Jami'ar Columbia ta soke wasan, jami'o'in Stanford da Kalifoniya suka koma zari-ruga irin ta Ingila. Daga tarukan da suka biyo baya aka kafa ƙungiyar da a 1910 ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i har yau. Stagg yana cikin kwamitin dokoki tun 1904, shi ne na farko daga wajen gabashin ƙasar. Dokokin 1906 suka halatta jefa ƙwallo gaba, suka buɗe tazara tsakanin layukan biyu, suka ƙara yadin da ake bukata daga 5 zuwa 10, duk don a warwatsa cunkoson da ke kashe mutane. Yayin da masu horarwa da yawa ke ɗari-ɗari da sabuwar jifar, Stagg ya zauna ya tsara hare-hare gommai a kanta.

Haɗakar Big Ten ta ƙara nata matakan: ta rage kaka zuwa wasa biyar, ta hana 'yan shekarar farko shiga gasa, ta kuma nemi kowane koci ya zama cikakken malamin jami'arsa. Tsarin Chicago ke nan aka mai da doka. Michigan ta ƙi yarda, ta fice, ba ta dawo ba sai 1917.

Inda aƙida ta yi karo da nasara

Adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Masanin tarihi Robin Lester, a littafinsa na 1995 kan ƙwallo a Jami'ar Chicago, ya bi takardun jami'ar ya nuna cewa a zamanin Harper da Stagg an riƙa zawarcin gwanayen 'yan sakandare, ana sassauta musu sharuɗɗan karatu. Eckersall shi ne babban misali. Sau uku ana zaɓen sa cikin gwanayen ƙasa, amma ba ya zuwa aji yadda ya kamata, sakamakonsa kuma ya yi ƙasa ƙwarai. An bar shi yana wasa har ya kammala kakarsa ta ƙarshe a 1906, sannan jami'a ta rufe masa ƙofa, ya fita babu digiri. Gasannin sakandare da Stagg ke shiryawa ma, ban da amfaninsu ga yara, hanya ce ta kawo gwanaye harabar jami'a a gan su.

Babu shaidar cewa Stagg ya nemi arziki da wasan, kuma ƙyamarsa ga ƙwallon neman kuɗi ta gaskiya ce, har ya fito fili ya yi Allah wadai da ita a 1923. Sai dai kuɗin ƙofa da ƙwallo ke kawowa su ke ɗaukar nauyin sauran wasanni, kuɗin ƙofa kuma nasara ke kawo su, nasara kuwa sai da gwanaye. Mutumin da ya shigo fili don tarbiyya ya taimaka wajen gina kasuwar da ke cin tarbiyyar. Ɗalibansa da yawa sun shaida cewa ya gyara musu rayuwa, labarin Eckersall kuma ya nuna cewa kujerar farfesa kaɗai ba ta isa ta kare ɗalibi daga bukatar cin wasa ba.

Faɗuwar Chicago

A 1913 aka sa wa filin sunan Stagg. Kofin 1924, shekarar da suka yi kunnen doki 21 da 21 da Illinois ta shahararren ɗan wasa Red Grange, shi ne na ƙarshe. Daga nan abubuwa suka juya. Jami'o'in jihohi irin su Michigan da Ohio da Illinois sun ninka ɗalibansu, sun gina filaye masu cin mutum dubu 60 zuwa sama. Chicago kuwa ta fi karkata ga bincike da karatun gaba da digiri, ta tsaurara sharuɗɗan shiga. 'Yan kallon birnin suka rabu tsakanin Northwestern da Notre Dame da kulob ɗin ƙwararru na Chicago Bears. Ƙungiyar Stagg ta koma shan kashi kusan kowace kaka.

A 1929 Robert Maynard Hutchins ya zama shugaban jami'ar yana ɗan shekara 30. A wurinsa jami'a wurin horar da hankali ce, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Da Stagg ya cika shekara 70 a 1932, aka yi aiki da dokar ritaya a kansa, aka yi masa tayin wani muƙami na girmamawa. Ya ƙi karɓa, domin yana ganin da sauran ƙarfinsa, kuma ba ya son albashin da ba aiki a bayansa. Ya bar Chicago bayan kaka 41.

Wanda ya gaje shi, Clark Shaughnessy, gwani ne, kuma a 1935 ɗan wasansa Jay Berwanger ya zama na farko da ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa da daga baya aka sani da Heisman. Duk da haka faɗuwar ba ta tsaya ba. A 1939 Michigan ta lallasa Chicago 85 da 0, Harvard ta ci ta 61 da 0. A Disambar wannan shekara hukumar jami'a ta soke ƙwallon gaba ɗaya, a 1946 kuma ta fice daga Big Ten. A ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta yamma a Filin Stagg ne masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba, 1942. Daga baya aka rushe filin, babban ɗakin karatu na Regenstein ya hau wurin a 1970.

Shekaru 28 bayan ritaya

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Stagg ya koma Stockton a Kalifoniya a 1933, ya karɓi ƙungiyar wata ƙaramar kwaleji mai suna College of the Pacific. A 1938 ya kawo ta filin da ke ɗauke da sunansa, ta doke Chicago 32 da 0. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka turo matasan sojan ruwa karatu kwalejin, ya haɗa ƙungiyar da ta ci wasa 7 cikin 9, har da manyan jami'o'in UCLA da Kalifoniya. Takwarorinsa suka zaɓe shi gwarzon koci na shekara yana da shekara 81.

Da kwalejin ta nemi ya huta bayan kakar 1946, sai ya tafi Jami'ar Susquehanna a jihar Pennsylvania, inda babban ɗansa Amos ke horarwa. Uba da ɗa suka yi kaka shida tare, a 1951 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Rashin lafiyar Stella ce ta mai da shi Stockton, inda ya ci gaba da koya wa 'yan wata ƙaramar kwaleji dukan ƙwallo har 1960. Ya ajiye aiki yana ɗan shekara 98.

Alƙaluman hukuma sun ba shi nasara 314, rashin nasara 199, kunnen doki 35, ban da wasannin Susquehanna da aka rubuta da sunan ɗansa. Wannan adadin nasara shi aka ɗauka mafi yawa a manyan jami'o'i har koci Bear Bryant na Alabama ya wuce shi a 1981. A 1951 aka sa shi cikin zauren gwarazan ƙwallon jami'o'i ta fuska biyu, ɗan wasa da koci, a 1959 kuma cikin rukunin farko na zauren gwarazan ƙwallon kwando. Stella ta rasu a 1964. Shi kuma ya rasu a Stockton ranar 17 ga Maris, 1965, yana da shekara 102.

Abin da ya bari

Harper da Stagg sun yi imani cewa idan aka damƙa wasa a hannun malami, jami'a za ta mallaki wasan. A manyan jami'o'in Amurka abin ya zo akasin haka. Sashen wasanni ya zauna daram, amma ya yi nisa da aji, har a jihohi da yawa kocin ƙwallo ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi, ba kuma wanda ke tambayar ko shi farfesa ne. Hutchins ya hango wannan, ya zaɓi yanke wasan. Stagg ya yi imani za a iya gyara shi, ya ƙare rayuwarsa a ƙananan kwalejoji yana gwada hakan.

A can ne ra'ayinsa ya rayu. Jami'ar Chicago ta dawo da ƙwallo a 1969, a wannan karo ba tare da tallafin karatu don wasa ba, tana karawa da makarantun da ɗalibi ke shiga da sakamakonsa, ya yi wasa bayan ya tashi daga aji. Wannan rukuni shi ne mataki na uku na NCAA, kuma wasansa na ƙarshe na kowace shekara sunan Amos Alonzo Stagg yake ɗauke da shi. Hukuncin da ya dace da shi shi ne cewa malami ne na gaskiya wanda ya gina abin da ya fi ƙarfinsa, bai kuma daina ɗaukar ɗan wasa a matsayin ɗalibin da za a tarbiyyantar ba. Duk jami'ar da za ta buɗe filin wasa, wannan ma'auni ne ya kamata ta fara riƙewa kafin ta ƙirga kofuna.